Mawaƙi mai tasowa, daina sayen masu kallo na bogi

Wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin matasanmu masu son waƙa: wai waƙa ba ta yin tashe a intanet sai an saya mata hanya. Yaro zai shigo situdiyo, ba a ma gama haɗa masa sauti ba, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayen masu kallo dubu hamsin a YouTube, ko wa na sani da zai cika masa lamba a Spotify da Audiomack. Da yawa sun riga sun tura kuɗi ga wani da suka haɗu da shi a WhatsApp. Na gaji da maimaita amsar ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta ta a nan.

Ƙarya ake yi muku. Abin da ake sayar muku na'urori ne, ko tarin wayoyi da aka jera a wani ɗaki suna kunna waƙa babu kunnen da ke ji. Lamba za ta hau, za ka ɗauki hotonta ka nuna wa abokai, amma babu amaryar da za ta ce a kira ka bikinta, babu ɗan acaɓan da zai riƙa rera amshinka. Kamfanonin kuma idonsu biyu. Tun shekarar 2024 Spotify take cin tarar kamfanonin raba waƙa a kan duk waƙar da aka kama da sauraron bogi ƙarara. Kana tsammanin kamfanin rabawar zai ɗauki asarar saboda kai? Sauke waƙar zai yi, ya riƙe ɗan abin da ka tara, wani lokaci ya rufe asusunka gaba ɗaya. YouTube ita ma tana goge kallon bogi, sai ka wayi gari lambar da ka saya ta zube.

Ko da ba a kama ka ba, akwai ɓarnar da ta fi wannan, kuma ita ce mutane ba sa ganewa. Waɗannan manhajoji suna koyon su wane ne ke son waƙarka daga waɗanda suka fara jin ta, sannan su nemo musu irinsu. Idan masu saurarenka na farko na'urori ne da ke wata ƙasa mai nisa, waɗanda ke kunna waƙar daƙiƙa 30 su wuce, to ka koya wa manhajar ƙarya. Za ta riƙa kai waƙarka inda ba a jin Hausa, a tsallake ta, daga nan ta yanke hukuncin cewa waƙar ba ta da masoya. Ka biya kuɗinka ka ɓatar da wanda zai yi maka talla kyauta. Na maimaita: kada ka saya. Ko mabiya ne, ko masu kallo, ko wani wai zai saka ka a jerin waƙoƙi idan ka biya, kada ka saya.

To yaya waƙa take tashe? Ku tuna Jaruma ta Hamisu Breaker a shekarar 2020, lokacin kullen korona. Matan aure ne suka ɗauke ta suna rawa a gaban mazajensu suna sakawa a shafukansu, har ta zama abin muhawara a gari. Love Nwantiti ta CKay ta fito tun 2019, ta yi kusan shekara biyu kafin masu TikTok su ɗaga ta a 2021, ta shiga jerin Billboard Hot 100 na Amurka. Namenj kuwa da sake rera waƙoƙin wasu da Hausa ya fara jan hankali a Instagram, kafin ya shiga shirin emPawa na Mr Eazi. A duk waɗannan, mutane na gaske ne suka ga abin da za su yi da waƙar a rayuwarsu. TikTok tana fara nuna bidiyo ga mutane kaɗan. In sun kalla har ƙarshe, sun tura wa wasu, sun ɗauki sautin sun yi nasu, sai ta ƙara faɗaɗa. Shi ya sa mai mabiya ɗari biyu kan iya kere mai dubu ɗari.

Saboda haka aikinka shi ne ka ba mutane abin ɗauka. Nemo daƙiƙa 15 zuwa 20 mafi daɗi a waƙarka, ka fara da su. A nan ne mawaƙanmu ke ba ni haushi: minti guda cur ana gaida mai kiɗa, ana gaida mai situdiyo, ana gaida ubangida, alhali mai waya ya daɗe da wucewa. A ajiye gaisuwa zuwa ƙarshe. Ka saka guntun sau da yawa ta siga daban-daban, yau kana rerawa babu kiɗa, gobe a situdiyo, jibi tare da abokai. Wanda ya yi bidiyo da sautinka, ka gode masa a fili. Masu neman gajeriyar hanya da batsa kuwa su sani sunan da aka yi da ita ba ya wankuwa, kuma a Kano Hukumar Tace Finafinai tana nan.

Kafin duk wannan, ka tabbata waƙar taka ce a rubuce. Lil Nas X ya sayi kiɗan Old Town Road a intanet kan dala 30. Waƙar ta yi mako 19 a matsayi na ɗaya a Amurka a 2019, amma da yake an ɗauko wani ɓangare na kiɗan daga aikin ƙungiyar Nine Inch Nails, dole aka saka sunayen masu shi cikin masu haƙƙi. A wurinmu kuwa mawaƙi da mai kiɗa sai su rabu a kan "ai mun fahimci juna", sai ranar da waƙa ta fashe a fara kai ƙara. Masu situdiyo su ma suna da laifi, domin yawancinsu ba su taɓa miƙa wa yaro takarda ba. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, amma doka ba za ta tuna muku abin da kuka yi alkawari da baki ba. Ku rubuta kason kowa, ku sa hannu. Sannan ka ɗora waƙar da sunanka ta hannun kamfanin rabawa irin su DistroKid ko TuneCore kafin ka tura wa kowa ta waya. In ka yi sakaci, wata tashar YouTube za ta riga ka ɗorawa, ta ci kuɗin, wataƙila ma a ce kai ne ɓarawon waƙarka. Spotify tana ba ka damar gabatar da waƙa ga masu tsara jerinta kyauta, muddin ka yi aƙalla kwana 7 kafin fitowarta.

Kada kuma ka ɗauka tashe shi ne kuɗi. A Spotify waƙa ba ta fara samun kaso sai an saurare ta sau 1,000 cikin wata 12. A YouTube, don cin kuɗin talla a dogayen bidiyo, ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Sauraro daga Najeriya ko Nijar kuma bai kai na Ingila ko Amurka daraja ba, saboda kuɗin da ake biya a nan ƙanƙani ne. Mawaƙin Hausa har yanzu a biki da wasan sallah da talla yake samun abin kansa, don haka ka saka lambar da za a same ka a shafinka, ka kuma riƙa ɗagawa.

Kuɗin da ka ware don sayen lamba, ɗauke su ka biya mai kiɗanka, ku sa hannu a takarda cikin wannan makon.