Kada rashin kuɗin rajista ya raba ka da jami'a

Duk lokacin da aka buɗe rajista, sai an sami ɗalibin da ya ɓace. Kuɗi ba su haɗu ba, kunya ta hana shi magana, sai ya koma gida shiru. Ɗan'uwa, wannan shirun shi ne haɗarin. Jami'a ba ta san halin da kake ciki ba. Abin da take gani kawai ba ka yi rajista ba, kuma in aka daɗe a haka ana iya cire sunanka.

Fara da malamin da ke kula da ajinku, sannan ofishin harkokin ɗalibai. Gaya musu gaskiya tun kafin a rufe rajista. In ya zama dole ka dakata, rubuta takardar neman ɗage karatu, ka riƙe kwafinta.

Akwai kuma bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, kai kuma a ba ka naira 20,000 duk wata in ka nema. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Tanadi lambobinka na JAMB, NIN da BVN, ka tabbatar sunanka bai bambanta a cikinsu ba, don nan ake yawan maƙalewa. Nemansa kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo na goro ya sama maka, guje shi.

Ka leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku ma, da takardar shaidar ƙaramar hukuma a hannu.