Darasi: Mutuwar Ƙananan Yara da Kuɗin Magani

Kowace shekara masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sukan ƙidaya yaran da suka mutu kafin su cika shekara biyar. A 1990 sun wuce miliyan 12 a duniya duka. A 2022 ba su kai miliyan 5 ba. Watau an rage fiye da rabi. Amma fiye da rabin waɗanda suka mutu a 2022 'ya'yan Afirka ne na kudu da Sahara. Saboda haka maganar ta shafe mu.

1. Me yake kashe su?

Kusan rabinsu sukan mutu tun cikin wata na fari, saboda haihuwar bakwaini, ko wuyar naƙuda, ko ƙwayar cuta da ta shiga jinin jariri. Waɗanda suka wuce wannan kuwa, ciwon huhu da zawo da zazzaɓin cizon sauro su ne manyan abokan gabansu. Tamowa takan raunana yaro, har cutar da ba ta kai ta kawo ba ta kayar da shi.

2. Yaya aka rage?

Da abubuwa masu araha ne. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙara wa majiyyata ta jijiya kuwa ya ƙare. Sai Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba su ruwan gishiri da sukari su sha, mutuwa ta ragu ƙwarai. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta bi gida gida a Bangaladash tana koya wa mata haɗa shi. Allurar rigakafi da gidan sauro da shayar da nono zalla su ma sun ceci yara masu yawa.

3. Wa yake biya?

Kuɗin lafiya ta hanya uku suke zuwa: gwamnati, taimakon ƙasashen waje, da aljihun iyali. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawari za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Kaɗan ne suka cika. A Nijeriya fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane suke fita. In ba kuɗi a hannu, sai a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Zazzaɓi kuwa ba ya jiran kasuwa.

A 2006 Nijar ta mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, iyaye suka riƙa kawo yara da wuri. Bincike ya nuna mutuwar yara a can ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci, magani ya riƙa yankewa. Ashe ko an ce kyauta, dole wani ya biya.

A 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID, waɗansu ƙasashe ma suka rage taimako. Kada mu zuba ido ga na waje kaɗai.

4. Abin da za mu iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan girbi kowane gida ya ba da mudun hatsi ko kuɗinsa, a kafa asusun lafiya. A zaɓi ma'aji da marubuci, a karanta lissafi a gaban jama'a. Wanda ɗansa ya kwanta ya ranta nan da nan, ya biya daga baya.

In yaro yana zawo, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a ci gaba da nono. In ya kasa sha, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa suka mutu a ƙauyenku bara? Me ya kashe su?
2. Nawa ne kuɗin mota da na magani zuwa asibiti mafi kusa?
3. Su wa za ku amince su riƙe asusu?