Birkin da Sai An Taka Sau Biyu

Shekaru masu dama ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin jama'a a nan Briqueterie, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde, kuma a cikin dukan illolin da ake kawo mini babu wadda ta fi tayar mini da hankali kamar wadda mai ita bai ɗauke ta illa ba, wato birkin da ya yi laushi, wanda idan an taka shi sai ƙafa ta nutse kamar an taka katifa, har direba ya saba da taka shi sau biyu ko uku kafin mota ta tsaya, yana cewa ai halin motarsa ke nan.

Wata ran Laraba bayan la'asar wani dattijo mai tasi ya tsaya a bakin garejina, jikinsa na ɓari, ya ce ya sauke fasinja a Mont Fébé, yana cikin gangarowa sai birki ya tafi har ƙasa bai kama komai ba, da ƙyar da birkin hannu da ƙaramar giya Allah Ya kuɓutar da shi. Amma abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da ya ɗan huta a gefen hanya sai birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Malam, ƙara mini mai kawai in tafi, ban yi ko kuɗin balas ba." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, motar nan ba za ta fita hannuna da ƙarin mai ba." Da na buɗe tankin man birki, sai na tarar da shi cike taf, amma man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana.

Asalin mas'alar ita ce, birkin mota yana aiki ne bisa ƙa'idar da wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana tun ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna masa sai ya isar da shi inda aka nufa. Saboda haka idan ka taka, famfon da muke kira masta ya tura mai ta cikin bututu zuwa tayoyi huɗu, takalman birki su damƙe. Iska kuwa tana matsuwa, tururi ma haka, don haka da zarar ɗayansu ya shiga bututun, sai ƙarfin ƙafarka ya ƙare wajen matse shi, taya kuwa ba ta sami komai ba. Shi man birki yana da wata ɗabi'a ta shan damshin iska sannu a hankali, garinmu kuma ga damina biyu a shekara, ga tuddai ko ta ina. Man da aka rubuta wa DOT 4, idan sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 155; DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Dattijon nan ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman dutse, ƙarfe ya yi zafi, ruwan da ke cikin man ya zama tururi, da ya huce kuma ya koma ruwa. La'alla da a shimfiɗaɗɗen gari irin Kano yake, da ya daɗe bai gane ba.

Ba kowane laushi ne wannan ba, kuma mai mota yana iya rarrabewa tun kafin ya zo wurinmu. Idan birki ya yi tauri bayan an taka shi sau da yawa, galibi iska ce, ko kuma takalman baya sun yi nisa da gangarsu suna bukatar a matso da su. Idan kuwa ka taka ka riƙe, ka ji ƙafarka tana sauka a hankali, to mai yana zurarewa, sai a duba bayan tayoyi da tiyo da mahaɗar bututu. In ba a ga jiƙa ko'ina ba, kuma mai bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka mutu, babu kuma abin da zai yi maganinsu illa canji. Akwai kuma tsohon tiyo mai kumbura idan an taka, wanda ba a gane shi sai mutum ɗaya yana takawa ɗaya yana kallo.

Motar dattijon mun zubar da tsohon man gaba ɗaya, muka zuba sabo daga kwalba mai hatimi, sa'an nan muka fitar da iska, aikin da makanikan nan ke kira purje da harshen Faransanci. Yarona yana ciki, ni ina ƙasa da sifana, muka fara da tayar baya ta dama domin ita ce mafi nisa daga masta, ina cewa "Taka! Riƙe!", in buɗe 'yar ƙusar fitar da iska in rufe, sa'an nan in ce "Saki!", har kumfa ta ƙare mai ya fito garau, kuma wajibi ne a riƙa leƙa tanki, domin in ya ƙafe an koma gidan jiya. Ƙasa da sa'a guda birkin ya sami tauri tun daga takun farko.

Na sha ganin wanda ya zuba ruwan sabulu a tankin birki don ya kai gida, na ga wanda ya zuba man inji, wanda ke kumbura robobi har sai an canza su duka, na kuma ga masu sayen man da aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi, wanda ya riga ya sha ruwa tun kafin ya shiga mota. A ganina wannan sakaci ne da amanar rayukan da aka ɗauko, ko da an kira shi tawakkali.

Ina roƙon 'yan'uwa direbobi, musamman masu bin hanyar Duwala da masu hawa da sauka tsakanin Tsinga da Mokolo, ku canza man birki duk shekara 2, ku sauko gangare da ƙaramar giya, kuma ranar da kuka ji birki ya nemi taku na biyu, ku kai motar gareji a ranar.