Dusa ba ta akuya kaɗai ba ce

A ƙasarmu ta Madarunfa, idan mace ta surfa hatsi, takan bushe dusa ta zuba wa akuya. To, a cikin cikinmu ma akwai masu jiran wannan dusa.

Babban hanjin kowane mutum cike yake da ƙananan halittu masu rai, miliyoyi bisa miliyoyi. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Ba dukansu ne ke kawo cuta ba. Mafi yawansu aiki suke yi mana.

Ga yadda abin yake. Tumbi da ƙaramin hanji suna narkar da gari da mai da nama. Amma dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye ba su narkewa a nan, sai su gangara babban hanji. Can ne halittun nan ke cin su, su sa su yi tsami, kamar yadda ƙullun koko ke yi idan ya kwana. Wannan tsamin shi ne abincin fatar hanji. Da shi take yin ƙarfi, ƙwayoyin cuta su kasa samun wurin zama, bayan gida kuma ya zo da sauƙi. Iskar da ke damun mu bayan cin wake, kada ta ba mu kunya ainun: alama ce ta suna kan aiki.

A shekarar 2010, masana sun gwada yaran wani ƙauye na Burkina Faso, masu cin hatsi da dawa da wake, da yaran wani birni na Italiya. Sun tarar hanjin yaran ƙauyen ya fi yawan halittu masu narkar da dusa, ya fi yawan wannan tsami mai amfani. Abincin yaran nan irin namu ne.

Shi ya sa muke ganin asara ce gida ya bar tuwon hatsi ya koma ga farar shinkafa da taliya da burodi kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 25 na irin wannan zaren abinci a yini. Ba sai mun auna ba. Mu rage tsananin surfe, mu riƙa dafa wake da ɓawonsa, mu yawaita miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, da kwaɗon zogalen da ake nomawa a Jiratawa. A sha ruwa mai tsabta sosai. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa, dusarsa guba ce, a zubar.

Maganin kafso da ake saya a tebur a kasuwa yana kashe mugayen ƙwayoyi tare da na kirki. Kada mu sha shi sai likita ya rubuta. Jariri kuwa, har ya cika wata 6, nonon uwa kaɗai za a ba shi, domin a cikinsa akwai abincin halittun hanjinsa.