Kafin ka sayi dajin farautar barewa a Teksas

Idan kana zaune a Houston ko Dallas, Allah ya hore maka abin hannu, kana kuma marmarin daji naka na kanka inda za ka kai iyali shan iska, ka taɓa farauta lokacin sanyi, to ka zo wurin da ya dace. Barewar da ke Teksas ta kai kimanin miliyan 5, kuma sama da kashi 95 cikin ɗari na ƙasar jihar mallakar ɗaiɗaikun mutane ne da kamfanoni, don haka yawancin mafarauta haya suke yi ko su saya. Sai dai kada hoton dillali ya ruɗe ka. Ka je ka taka filin da ƙafarka.

In ka je, fara duba abinci. Barewar can ba ta damu da ciyawa ba. Ganyen ƙananan itatuwa take ci, da tsirrai masu faɗin ganye, da ƙwallayen itacen ok da ke zubowa da kaka. Shimfiɗaɗɗen fili kore shar na shanu ne. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin itatuwa. In ka ga an cinye ganye ƙaf daga ƙasa har daidai ƙirjinka, kamar yadda awaki ke yi wa itatuwan bayan gari da rani, to dabbobi sun fi ƙarfin dajin. Ana yawan ganin haka a gundumomin Llano da Mason, inda barewa ta yi yawa. Irin wannan wuri yana ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo, kuma barewarsa ƙanana ne. Ka nemi sawu, da kashi, da ƙananan itatuwan da namiji ya saɓule wa ɓawo da ƙaho. Ka tabbata akwai sarƙaƙiyar da za su ɓuya.

Ruwa kuwa, a watan Agusta ake gane gaskiyarsa. Rafin da ke gudu a Afrilu yana iya zama yashi.

Takardu su suka fi cin mutane. Hanyar shiga filin ta kasance a rubuce, domin alkawarin maƙwabci ba ya bin fili idan ya sayar. Ka tambayi wa ke da haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, don a Teksas ana raba shi da na saman ƙasa, kuma mai shi na da ikon shigowa haƙar mai. Sannan doka ta bai wa gunduma damar hana harbi a filayen da aka yayyanka waɗanda ba su wuce eka 10 ba. Ni dai ba na ganin hikimar sayen ɗan ƙaramin fili don farauta. Barewa na yawo a ɗaruruwan eka, harsashinka kuma laifi ne ya tsallaka iyakar wani.

Akwai rangwamen haraji da ya kamata ka sani. Tun 1995, filin da ake lissafawa a matsayin na noma ko kiwo zai iya komawa na kula da namun daji ba tare da harajinsa ya tashi ba, muddin kana yin ayyuka 3 cikin 7 da aka gindaya, irin su samar da ruwa, gyaran mafaka da ƙidayar dabbobi. Amma sai filin yana da wancan matsayi tun farko, don haka ka bincika kafin ka biya. Masanan hukumar kula da namun daji ta jihar suna ba da shawara kyauta.

Ka kuma shirya wa aladun daji, masu tone ƙasa da cinye abincin barewa.

Lasisi wajibi ne don farautar barewa ko a filinka, kuma wanda aka haifa daga 2 ga Satumban 1971 zuwa yau sai ya yi kwas na ilimin farauta. Ana buɗe farauta da bindiga a farkon Nuwamba. Ga Musulmi, ka ambaci sunan Allah yayin harbi, in ka tarar da dabbar da sauran rai ka yanka ta. Kada ka sa hannu a takarda sai ka zauna da maƙwabtan filin ka ji barewa nawa suke harbewa a shekara.