Ƙungiyoyin Sa-Kai da Wayar da Kan Masu Zaɓe a Birane

A zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. A Jihar Legas kuwa, ko kashi ɗaya cikin biyar bai fito ba.

Ba kullum lalaci ke jawo wannan ba. Mazaunin birni yakan tashi daga wannan unguwa zuwa waccan, ya bar rumfar zaɓensa a baya, bai kuwa san Hukumar Zaɓe tana iya sauya masa rumfa ba in ya nema da wuri.

Irin wannan rashin sani ne ƙungiyoyin sa-kai ke yaƙi da shi. Ɗaya daga cikinsu, Enough is Enough, wadda aka kafa a 2010, tana koyar da matakai huɗu: ka yi rajista, ka auna 'yan takara, ka jefa ƙuri'a, sannan ka tsare ta har a ƙidaya.

Sai dai a lura. Ƙungiyar gaskiya tana nuna maka yadda ake dangwalawa ne kawai. Duk wanda ya nuna maka inda za ka dangwala, ko ya nemi riƙe maka katinka, ɗan jam'iyya ne.