Yadda ake bin sawun kuɗin fansho daga Jiratawa zuwa Yamai

Malamin makarantar gwamnati a Jiratawa ba ya ganin kuɗin fanshonsa da ido. Tun a Yamai ake cire su, kafin albashi ya iso Maraɗi. A cikin kowace jika 100 ta tushen albashinsa ana yanke jika 6, gwamnati kuma ta ɗora jika 14. Mai karɓa ita ce CARENI, asusun 'yan fansho da dokar 2012 ta kafa don ya gaji tsohon asusu, FNR. Ma'aikatan kamfanoni kuwa CNSS ce tasu.

Aikin akantan CARENI yana farawa da lambar ma'aikaci. Kowane wata sai ya ɗauko jerin albashi, ya lissafa abin da ya kamata ya shigo, sannan ya gwada da abin da baitulmali ya zuba a zahiri. A nan gizo ke saƙa. Jika 6 ɗin malam an riga an yanke, amma jika 14 ɗin gwamnati tana iya zama a takarda kawai. Akantan kirki bashi yake rubuta ta, da watanta da adadinta, ba ya ƙirga ta cikin kuɗin hannu. Dalili kuwa, ba ajiya ake yi wa malam ba: abin da aka yanke masa yau, da shi za a biya wani tsohon malami a Tibiri gobe.

Ranar ajiye aiki sai haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta aure da na yara. Shekarun aiki da albashin ƙarshe ne ke fitar da adadi. Takarda guda ta ɓace, tsoho ya sha zirga-zirga.

Bayan an fara biya, ana neman shaidar cewa mutum na raye. Tsofaffi na ƙorafi, da gaskiyarsu, amma in ba haka ba mamaci zai ci gaba da karɓa, gwauruwarsa da marayunsa kuma ba a buɗe musu nasu kason ba.

Ƙarshen shekara a rufe littattafai, a miƙa wa majalisar gudanarwa da masu binciken kuɗin ƙasa. Nijar tana cikin ƙungiyar CIPRES, wadda aka kafa a Abijan a 1993, mai aiko sufetoci su duba asusai irin waɗannan. Da zan samu sufeton, shafin bashin gwamnati zan roƙe shi ya fara buɗewa.